Ƙasar da Na Zuba wa Baƙon Kabari

Sadisu, mai kamfanin yawon ziyara na Sawun Magabata, kai maƙaryaci ne, kuma da matattu kake cin abinci. Na faɗa, na kuma kama sunanka. Na san a wurinmu mace ba ta kiran sunan mai neman 'yarta, sai dai ta ce "yaron nan" tana kallon ƙasa. To, ba ka zama suruki ba tukuna, kunyar da na yi maka ta wata takwas kuwa yau na janye ta.

Ku da ke karantawa, ni ce Maimouna, 'yar Birnin Damagaram. Shekarata sittin da uku, talatin daga ciki a Minguettes nake, gefen Lyon a ƙasar Faransa, bene hawa na sha ɗaya. Ban yi lakkwal ba, ba na gane ko harafi ɗaya na boko. Magana nake cikin waya, mai wannan shafi tana rubutawa, na kuma ce mata kar ta sassauta mini kalma ko ɗaya. Wanda ya ga na yi zafi ya jira ya ji dalili.

Kakana na wajen uwa sunansa Ɗan Juma. Nasara sun ɗauke shi soja lokacin yaƙin Jamus na biyu, ana da cikin Innata wata shida. Bai dawo ba. Abin da ya iso gida kawai shi ne bakin wani abokin tafiyarsa, wanda ya ce ya faɗi a wajen wani gari mai koguna biyu, Lyon. Innata ta girma, ta tsufa, ba ta san fuskar ubanta ba, ba ta san inda za ta juya ta ce nan yake ba. Zuwana gida na ƙarshe kafin ta rasu, ta sa na riƙe ta har ƙofar ɗakin da ya gina da hannunsa. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta kankaro ƙasar dokin ƙofa da cokali, ta ƙulle a tsagin kallabinta, ta sa cikin gwangwanin madara.

Ta ce, "Mouna, Allah ya kai ki garin da yake. In kin same shi, ki zuba masa. Ya ji gida."

Daminar da ta biyo bayan rasuwarta ɗakin ya faɗi, aka share wurin aka malale da siminti. Ƙasar da ke cikin gwangwanin nan ita kaɗai ta rage. Shekara shida tana saman kwabata, bayan kwanonin bikina. Duk jikan da ya kai hannu wurin ya san abin da ya tarar.

Yanzu ga yadda Sadisu ya shigo. Autata Hamdiya, mai aikin kemis a nan Vénissieux, ita ta kawo shi. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, shadda ce a jikinsa ruwan ƙasa, guga kamar za ta yanka mutum, hula ta zauna daidai, ƙamshin turare ya riga shi fita daga asansar, na'urar nan ta hawa bene. Ya cire takalmi tun a waje, ya ƙi hawa kujera, ya zauna kan kafet yana "Mama, ina gajiya, ina sanyi, ina hidimar iyali." Na yi masa dambun zogale da kilishin da aka kawo mini daga gida. Ya ci kaɗan, ya yi godiya da yawa. Na ce a raina, wannan ya san manya.

Aikinsa shi ne yawo da Musulmi masu zuwa Faransa buɗe ido. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Yakan sama musu otel ya aje buta da darduma a kowane ɗaki, ya manna alamar alƙibla a bango. Ya san duk gidan abincin da namansa yankakke ne, ya san lungun da mace za ta yi alwala ba a zuba mata ido ba. Cikin bazara ya ce sai ya kai mu Paris, ni da Hamdiya, tare da wasu baƙinsa daga Maraɗi. Na sa leshina shuɗi mai duwatsu da gyale fari. Shekara talatin ina ƙasar nan, Paris ɗina ba ta wuce Château Rouge ba, in sayo atamfa da daddawa in juyo. Ranar na ga babban masallacin nan mai koren rufi, da lambu a tsakiya, ruwa na gudu, bango duk zane. Muka yi azahar, muka sha shayi mai na'ana'a. Ya tsaya ƙarƙashin hasumiya yana gaya wa baƙinsa cewa an gina wurin ne don tunawa da Musulmin da suka mutu wa Faransa a yaƙi. Hawaye ya zubo mini ban shirya ba. Cikin jirgin ƙasa muna dawowa na ba shi labarin Ɗan Juma da gwangwani. Da bakina na ba shi.

Ya ce, "Mama, ki bar mini wannan. Akwai takardun sojoji, zan bi su ɗaya bayan ɗaya."

Wata biyu bayan nan ina tsinke alayyahu saƙon murya ya shigo. Har yanzu yana cikin wayata, ban goge ba. "Assalamu alaikum Mama. Albishirinki. Na same shi. Yana nan kusa da ke, a maƙabartar sojoji ta Villeurbanne." Na saurara sau biyar. Na yi sujada a kicin, goshina kan tayil.

Muka tafi ranar Asabar, ni da shi da Hamdiya. Masu cewa mace ba ta shiga maƙabarta, ku riƙe wa'azinku, aike ne na uwata. Wurin fili ne shimfiɗe, ciyawa kore, duwatsu farare jere kamar sahun salla. Na Musulmi daban suke, kansu a zagaye, da wata da tauraro, da rubutun Arabiyya a sama, a ƙasa kuma ɗan allo mai rubutun boko. Ya wuce gaba ba ya ko dube-dube, ya tsaya a sahu na biyu, dutse na bakwai daga wani dogon itace. Na ƙirga, don wanda bai iya karatu ba da ƙirga yake gane hanya.

Ya ce, "Ga shi, Mama. Ɗan Juma, daga Zinder."

Na durƙusa. Na ce, "Kaka, ni ce Mouna, 'yar Hawwa da ka bari a ciki. Ta yi shekara saba'in da tara tana jiranka." Na kwance tsagin kallabin, na tona gindin dutsen da yatsa, na zuba ƙasar duka, na danne da tafin hannu. Ban rage ko ƙwaya ba. Hamdiya na gefe riƙe da waya tana ɗauka, don shi ya ce a ɗauka a aika gida.

Aka aika. A Birni ƙannena suka yanka rago, aka yi saukar Alƙur'ani, aka raba waina a ƙofar masallaci. Tsofaffin unguwa suna kirana suna kuka, "Mouna, kin fitar da mu kunya." Shi kuma ya ɗora bidiyon a shafin kamfaninsa, ni da fuska jage-jage da hawaye. Hamdiya ta ce tubarkalla mutane sun gani da yawa. Ban hana ba. Cikin satin na kira Alhaji Sa'idu, ƙanen marigayi mijina, mai shagon atamfa a Château Rouge, wanda shi ne waliyyinta, na ce in sun kawo goro a karɓa. Aka karɓa, aka sa rana, aka fitar da anko mai ruwan goro da ganye.

Tun daga nan kowace Juma'a da hantsi nake zuwa gaishe shi. Taram ɗaya ne, jirgin nan na cikin gari, daga ƙofar gidanmu, sai 'yar tafiya a ƙasa. Nakan tafi da maƙwabciyata Inès, 'yar Aljeriya, wadda muka yi shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa. Ita takan zauna kan benci daga nesa saboda ƙafarta, ni in ƙarasa.

Juma'ar da ta wuce na makara, sai bayan la'asar muka je. Tun daga ƙofa na hango mutane kamar goma a sahun Musulmi, mata da manyan mayafai, maza da jakunkuna a kafaɗa. Na ga shadda ruwan ƙasa. Na ce, ashe yau yaron nan yana da baƙi, bari in raɓa in wuce kar in ba shi kunya. Ina matsowa ina ƙirga. Sahu na biyu. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. A gaban dutsen kakana wata mata ce durƙushe, tsararta ɗaya da ni, cikin atamfa kore, tana shafa dutsen tana kuka. Wani na ɗaukar ta a waya. Sai na ji muryarsa, a hankali, da wannan ladabin nasa.

"Ga shi, Mama. Ilya, daga Tawa."

Na sake ƙirgawa daga itacen, don kar in zalunce shi. Bakwai. Ga ma wurin da na danne da hannuna, ciyawar ba ta gama rufe shi ba.

Na ce, "Baiwar Allah, wa kike wa kuka?"

Ta ɗago. "Kakana ne. Shekara tamanin muna nema."

"Ikon Allah. Nawa ma a nan yake. Su biyu aka sa a rami ɗaya, ko ɗaya ne ya yi wa ɗaya haya?"

Sadisu ya juyo ya gan ni. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba. Ya ce, "Mama, ina wuni. Mu ɗan koma gefe, zan yi miki bayani."

Na ce, "Ba gefen da za ni. Inès, taso."

Ta taso tana ɗingishi, ta sa tabarau, ta sunkuya kan allon. Na ce da guntun Faransancina, karanta mini, duka. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ni. Ta ce babu suna a kai. An rubuta soja ne da ba a san ko wane ne ba, ya mutu domin Faransa. Shi ke nan. Wata huɗu ina zuwa da ita, ko sau ɗaya ban ce ta duba ba, don ban ga dalilin binciken maganar mai neman 'yata ba.

Matar, Hajiya Raliatou sunanta, ta zauna daɓas kan ciyawa. Daga Tawa ta taso, 'ya'yanta suka haɗa mata tafiyar, ta ga bidiyona a waya ta ce ita ma a kai ta wurin yaron da ke nemo kakanni. Kun ji. Hawayena ne ya jawo ta.

Na ce, "Sadisu, mu nawa ne?"

Ya waiga ya dubi baƙinsa.

"Mu nawa ka durƙusar a gaban dutsen nan?"

Ya ce, "Mama, addu'a ba ta ɓata. Duk inda aka yi ta tana isa. Na nema, wallahi na nema, babu sunansa a ko'ina. Na ga ba zan iya dawo miki hannu biyu ba. Kuma wannan ɗin ba a san shi ba, yana iya zama shi ne."

Na ce, "Yana iya zama nawa, yana iya zama nata, yana iya zama na mai zuwa sati mai zuwa. Bawan Allah yana kwance shekara tamanin ba mai damun sa, ka zo ka mai da shi ɗan aikinka."

Wani cikin baƙin ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wurin matattu ne." Na ce masa matattun sun fi shi sanin abin da ake yi a wurin. Na kama hannun Raliatou na tashe ta, na karkaɗe mata zane, muka fito tare. Muka kai bakin titi. A nan ta ce, "Ni na riga na kira gida tun jiya na ce an same shi." Na ce, ni har rago an ci.

Kafin in iso gida saƙonni sun cika wayar. Na farko: "Mama ki yafe mini, niyyata alheri ce." Na biyu: "Mama don Allah kar maganar ta fita, aikina zai mutu." Na uku ya fi tsawo, yana kawo mini hadisi. Ni zai karanta wa hadisi.

Da safe Alhaji Sa'idu ya kira daga shago, ina jin ana yage atamfa a bayansa. Gaisuwa biyu ya yi ya shiga magana.

"Yaya Mouna, abin bai yi daɗi ba. Amma sati biyar ya rage. An ɗinka anko, an kama zauren biki, mutane sun yanki tikiti daga Yamai. Yaro ya yi kuskure, ya ba da haƙuri. A rufa."

Na ce, "Alhaji, in wani ya sayo atamfar roba ya buga mata tambarin Holan ya kawo maka, rufawa kake?"

"Wannan daban."

"Daban ne, don atamfa ana mayarwa. Ni ina zan samo wata ƙasar?"

Ya ce mata ba su san lissafin zaman duniya ba. Na ce ya gaishe da iyali, na kashe.

Duk wannan da na faɗa muku, da sauƙi. Ga abin da ya hana ni cin abinci kwana huɗu. Ranar Lahadi ina wanke gwangwanin, don har yanzu ban iya jefar da shi ba, sai abin ya faɗo mini. Ranar da na zuba ƙasa, ba mu biyu ba ne. Hamdiya tana tsaye taku ɗaya daga dutsen. Hamdiya da na yi shekara goma sha tara ina goge benayen ofis tun asuba don ta yi karatu. Hamdiya mai karanta rubutun likita da ko likitan ba ya ganewa.

Tana falo da doguwar rigar gida mai ruwan toka, ta baza samfurin katin biki a kan tebur, idonta a kumbure. Na aje gwangwanin a kan katunan.

Na ce, "Auta, ranar nan kin karanta allon?"

Ta ce, "Maman, s'il te plaît."

"Da Hausa na tambaye ki."

Ta ce, "Na karanta, Inna."

"Kafin in zuba ko bayan na zuba?"

"Kafin."

Na zauna. Ta ce wallahi ba ta san shirinsa ba sai a wurin, ta ga allon ta dube shi, ya yi mata alama da ido. Ta ce ta buɗe baki, sai ta ga fuskata. Wai tun rasuwar babanta ba ta ga na yi irin wannan haske ba, ta kasa kashe shi. Ta ce daga baya sun yi faɗa, ya rantse mata ni kaɗai ce, ba zai ƙara ba. Ba ta san da Raliatou ba. Ta ce, "Inna, ina son sa. Ban san yadda zan yi ba."

Na ce, "Da kin ce mini, Inna, ba suna a nan, ba a san ko wane ne ba, wataƙila da na zuba duk da haka. In ce, bawan Allah, ko kai ne ko ba kai ba ne, ga ƙasar gida, kai ma wani ya haife ka. Da na zuba da idona a buɗe, in kira Birni in faɗi gaskiya. Ku biyu kuka tsaya a kaina, masu ilimi, kuka yanke cewa tsohuwa ba ta iya ɗaukar gaskiya. Na binne miji, na binne ɗa, na binne uwa. Allon dutse ne zai kashe ni?"

Tun ranar muna gida ɗaya, tana aje mini shayi a ƙofar ɗaki yana hucewa.

Jiya na kira Birni na gaya wa ƙannena da bakina. Ƙaramar ta ce, "To Yaya, ƙasar Inna fa?" Na rasa abin da zan ce mata. Har yanzu ban samu ba.

Saboda haka, Sadisu, saurara, tunda waya ce kasuwarka, a waya nake kiranka. Ban ce a fasa aure ba, ban ce a ɗaura ba. Goronku yana nan cikin firji, ban raba ba, ban mayar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ina gaban dutse na bakwai. Raliatou ta ɗaga tafiyarta, za ta zo. Alhaji Sa'idu, ka rufe shagon wuni ɗaya ka hau jirgi, awa biyu ce, tunda kai ne mai ba da 'ya. Kai kuma ka zo da takardun da ka ce ka bi ɗaya bayan ɗaya, a baza su a gani ko ka taɓa nema. Ka zo da sunan duk matar da ka durƙusar a wurin, ka kira su ɗaya ɗaya a gabanmu ka gaya musu. Ka sauke fuskata daga shafinka. Ka tsaya inda ka tsaya ranar, a kunna waya kamar yadda aka kunna mini, ka karanta allon nan da ƙarfi, ka fassara da Hausa.

Hamdiya, ke za ki riƙe wayar, tunda kin saba.

In kun gama, ku biyun ku juyo ku dube ni, ku ba ni amsar da zan kai wa ƙanwata. Ƙasar Innata fa?